Ɗigo-ɗigo a Ƙarƙashin Jan Layi

Makaranta,
Ranar Talata.

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Kawu, ka yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Na san a danginmu kaf babu mai rubuto maka wasiƙa, don kowa ya san za ka dawo masa da abarsa da jan biro a jikinta. Mama har yau tana ajiye da tata, wadda ka samu kuskure goma sha huɗu a ciki, kuma ta rantse da ta sake gara ta tako da ƙafa. Ni ma sau uku ina yaga takarda kafin in bar wannan.

Ina fatan kana lafiya. Yaya ido? An gaya wa Mama na hagun ya fara hazo, kuma ka ƙi zuwa asibiti. Yaya gwiwa? Ina gaida kowa da kowa na gidan. Ni lafiyata ƙalau, sai dai ina cikin matsala, kuma in gaya maka gaskiya, da hannunka a ciki ba tare da ka sani ba.

Ko ka tuna hutun da na yi a wurinka ina shekara bakwai, da ka riƙa tafiya da ni maɗaba'a? Kakan zaunar da ni a kan ɗaurin takardu, kai kuma ka duƙufa a kan kwafin gwaji kana farautar kuskure. Wata rana ka ja jan layi a kan wata kalma, ka sake karantawa, ka yi tsaki. Sai ka jera ɗigo-ɗigo a ƙarƙashinta, ka rubuta haruffa huɗu a gefen takarda: stet. Na tambaye ka, ka ce kalmar Turanci ce da ko masu digiri ba kowa ya san ta ba, ma'anarta a bar shi yadda yake. Ka ce jan layi yana cewa a kashe, ɗigo yana cewa a raya, kuma duk mai jera rubutu na ƙwarai ɗigon zai bi. Daga ranar ni nake yi maka ɗigon, har ka laƙaba mini suna Ɗigo.

To ga abin da ya faru. Ina cikin ɗalibai huɗu masu haɗa mujallar makaranta ta bana, wadda ake raba wa iyaye da jami'an ilimi. An ce in rubuta tarihin ajinmu na ƙarshe. A ƙarshensa na sa wannan:

"Zango biyu cur ajinmu bai ga malamin Turanci ba. Mai kula da laburare ce ta riƙa rufe ƙofarta da ƙarfe goma, ta shigo ajinmu da allinta ta koyar da mu. Ba aikinta ba ne, babu wanda ya sa ta, babu kuma wanda ya gode mata. Mu mun gode."

Anti Shiru muke kiran matar, don kalmar da ta fi faɗa a laburare ke nan. Ba don ita ba, da ban san da wace fuska za mu shiga jarrabawa ba.

Da kwafin gwaji ya dawo daga maɗaba'a, Mataimakiyar Shugaba ta duba, ta ba ni in jera shafukan in sa a ambulan. A nan na ga ta zabga jan layi a kan wannan sakin layi tun daga farko har ƙarshe. Ba ta kira ni ta ce ga dalili ba. Kawu, ka san ni, ko a aji aka kira sunana sai muryata ta maƙale. Ban iya buɗe baki ba. Amma akwai fensir a aljihuna. Ina tsaye a bakin teburinta, ita tana waya, na jera ɗigo a ƙarƙashin kowace kalma, na rubuta haruffan nan huɗu a gefe.

Da ta gama waya ta sake buɗe shafukan don ta sa hannu. Idonta ya faɗa a kai. Ta ce, "Wannan tsutsar kuma fa a gefe?" Na yi shiru. Ta ce, "Ƙazantar masu maɗaba'a dai ba ta ƙarewa." Ta sa hannu, direban makaranta ya mayar da shi maɗaba'a.

Mujalla ta fito ranar Alhamis, kwafi ɗari shida, da sakin layina a ciki ko waƙafi bai ɓata ba. Kafin a farga an raba wa iyaye. Mataimakiya ta tafi maɗaba'ar da kanta za ta ci mutuncinsu. Direba ya ba mu labari cewa wani dattijo ne ya fito mata da kwafin gwajin, ya ɗora yatsa a kan ɗigon, ya ce, "Malama, umarni aka ba mu. Shekara talatin ban taɓa tsallake wannan alama ba. Wanda ya yi ta kuwa ɗan gida ne, don ɗigonsa a jere yake." Allah ya yafe mini, wannan maganar ta yi mini daɗi.

Jiya aka kira ni ofishin Shugaba. Babban ƙamus a buɗe a kan teburinta, ita da Mataimakiya suna leƙa shi. Aka miƙo mini takarda mai jimla biyu, aka ce in karanta ta a taron safe ranar Litinin ta sama, gaban makaranta duka. Jimla ta farko ta ce na yaudari Mataimakiya. Ta biyu ta ce abin da na rubuta ba gaskiya ba ne. In na ƙi, in haɗa akwatina, kuma in manta da jarrabawar ƙarshe da ta rage mako biyar.

Daga can laburare na wuce na duba kalmar da kaina. Ƙamus ya ce daga Latin ta fito, ana amfani da ita a matsayin umarni, ana kuma iya cewa wane ya yi wa kalma stet. Ya ce a wasu kotuna ma akan faɗe ta idan an dakatar da shari'a a inda take. Na karanta har sau uku. Babu inda ya ce laifi ce.

Ba wai ina roƙon ka zo ka ba su haƙuri ba ne. Abu ɗaya nake so ka gaya mini, tunda kai ka koya mini: na yi amfani da ita daidai ko ban yi ba?

Ka huta lafiya.

'Yar ƙanwarka,
Ɗigo.


Makaranta,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da ido, da gwiwa, da mutanen gida.

Wasiƙata ta dawo jiya, bayan mako guda. Kuskure tara. Na ƙirga, na gode, takwas na yarda da su. Na bakwai ban yarda ba, amma ba wannan ne ya sa na sake rubutowa ba.

Abin da ka rubuta a ƙasa ne ya hana ni cin abinci. Ka ce: "Stet ba ta ɓarawo ba ce. A maɗaba'armu duk wanda ya rubuta ta sai ya sa harafin sunansa a gefe, don in abin ya ɓaci a san wuyan wanda za a kama. Ina naki?" Ke nan. Ko sannu babu.

Kawu, na yi kuka, kuma na ji haushinka. Na ce a raina kai kana can kana shan iska a ƙofar gida, ba ka san yadda matar nan take kallon mutum ta saman tabarau ba. Da na sa harafin sunana, da a take ta goge, da yanzu babu wanda ya san Anti Shiru ta taɓa riƙe alli. Ka koya mini kalmar ina shekara bakwai, ba ka koya mini dokarta ba sai yanzu da ruwa ya kai mini wuya.

Amma da na huce na gane inda ka dosa. Ta tambaye ni, na yi shiru. Na san ba ta san kalmar ba, na laɓe a bayan rashin saninta. Dattijon maɗaba'a ya sha zagin da nawa ne. Wannan na ɗauka, jimla ta farko gaskiya ce, zan karanta ta da bakina. Ta biyun fa? A kanta ba ka ce komai ba, kuma ita ce ke ci mini rai.

Kowa ya taso ni a gaba. An kira Mama a wayar ofis, aka ba ni. Ta ce, "Ke, jarrabawar taki za ki zubar a kan layi huɗu? Karanta musu abinsu ki fito, in ya so a zuciyarki ki ce ba haka ba ne." Na ce to, don ban taɓa yi mata musu ba. Da ta ji da sunanka a cikin zancen sai ta ce, "Ai na sani. Duk taurin kan gidanmu daga wurinsa ya fito."

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne na Anti Shiru. Ita ma an ba ta takardar gargaɗi, wai ta bar wurin aikinta ta shiga aji ba da izini ba. Ka ji fa. Ta kira ni bayan kantar littattafai ta ce, "'Yata, ni ban koyar da ku don a buga ni a mujalla ba, don ku ci jarrabawa na yi. In kika bari aka kore ki, kin ɓata mini zango biyu. Ki karanta." Na ce, "Anti, in na ce ƙarya na yi, ai na ce ba ki taɓa shigowa ajinmu ba ke nan." Ta ce, "Shiru!" Amma wannan karon muryarta ba ta fito sosai ba.

Su kuwa 'yan makaranta sun mayar da abin wasa. Yanzu sitet suke cewa a kan komai. In mai kula da ɗakin kwana ta ce a gyara gado, sai ka ji daga lungu an ce sitet. Wata an ce ta tsefe kitsonta, ta ce sitet. Har a bangon banɗaki an rubuta da alli, kuma ba daidai ba. Ina wucewa suna kirana Malama Sitet. Ba su san nauyinta ba. Su a ganinsu kalmar ƙin jin magana ce. Ni na san ba haka ba ce. Mutum ba ya rubuta ta sai ya sake karantawa ya tabbata abin da aka soke shi ne daidai. Na sake karantawa, Kawu. Na fi sau ashirin.

Ba zan ce ƙarya na yi ba, ko da za a kore ni.

Za ka ga na ja layi a kan wannan jimla ta sama. Da zafin rai na rubuta ta, kuma babu sauran takarda mai kyau da zan sake kwafa. Kada ka kula ta. Ni ba mai irin wannan ƙarfin ba ce. Ko addu'ar buɗe taro aka ce in yi, hanyar zillewa nake nema. Ban san abin da zan yi ranar Litinin ba. Na san kuma amsarka ba za ta iso kafin nan ba.

Ka sa ni a addu'a.

'Yar ƙanwarka,
Ɗigo.


Gida,
Ranar Asabar.

Zuwa ga Kawuna abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Don Allah ka je a duba idon nan, zan gaya maka dalili a ƙasa. Kamar yadda ka gani a sama, daga gida nake rubutowa.

Ranar Litinin, bayan an gama sanarwa, Shugaba ta kira sunana. Daga layinmu zuwa kan dakali taku talatin ne ko ƙasa da haka, amma sai na ji kamar kasuwa na ratsa. Aka miƙo mini makirufo. Na buɗe takardar.

Na karanta jimla ta farko. Na ƙara da abin da ba a rubuta ba. Na ce ni na yi ɗigon, ni na rubuta kalmar, Mataimakiya ta tambaye ni na yi shiru, kuma masu maɗaba'a ba su da laifi, aikinsu suka yi. Na juya na ba ta haƙuri a gaban kowa, kuma har zuciyata na ba ta.

Sai na tsaya. Shugaba ta ce, "Ci gaba." Na dubi jimla ta biyu. Wallahi na buɗe baki da niyyar karantawa, don fuskar Mama nake gani a raina. Abin da ya fito daban. Na ce, "Ta biyun ba zan iya ba, don gaskiya na rubuta. In akwai 'yar ajinmu da ta ga malamin Turanci a zangon nan biyu, ta fito ta ƙaryata ni, ni kuma in karanta."

Kawu, mu arba'in da biyu ne a ajin. Akwai waɗanda ba ma ga maciji da su, akwai mai kirana Malama Sitet tana murguɗa baki, akwai 'yar ƙanwar Mataimakiya da kanta. Mataimakiya ta sauko ta bi layin tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya ta saman tabarau. Ta kai ƙarshe, ta dawo. Babu wadda ta ɗaga ƙafa. Ba su yi tafi ba, ba su ce uffan ba, tsayuwa kawai suka yi. Ban taɓa jin filin nan ya yi tsit haka ba.

Kafin in sauka na ciro fensir, na sa harafin sunana a gefen takardar, na miƙa wa Shugaba. Ba ta gane ba, ni dai na san na cika doka.

Kafin azahar na haɗa akwati. Hukuncin da aka yanke shi ne na bar ɗakin kwana da aji gaba ɗaya, babu bitar ƙarshe, kuma ba za a ba ni takardar shaidar kyawun hali ba. Jarrabawa kuwa zan rubuta, amma daga gida zan riƙa zuwa, mai gadi ya raka ni har kujera, in na gama ya raka ni ƙofa. Direba ya ce ba tausayina aka ji ba, iyaye ne suka fara zuwa da mujalla a hannu suna tambaya, aka ga korata gaba ɗaya za ta ƙara tono maganar. Ko ma mene ne, zan rubuta. Mota biyu zan riƙa hawa kowace safiya, na riga na gwada hanyar.

Ina jan akwati Anti Shiru ta tare ni a bakin laburare. Ta ce, "Kin ƙi jin magana." Na ce, "Ki yi haƙuri, Anti." Ta ɗora mini littattafan bita guda biyar a kan akwatin, ta ce aro ne, in na dawo mata da ko ɗaya da kunne a lanƙwashe sai na gane kurena. Ta juya da sauri ta shige ciki.

Mama kwana uku ba ta yi mini magana ba sai da ido. Ta ajiye mini abinci, ta ɗauke kwano. Wannan ya fi tsayuwa a kan dakali wuya. Na fara tambayar kaina ko girman kai ne kawai ya ɗebe ni.

Shekaranjiya direba ya biyo da ambulan ɗinka, wanda ya isa makaranta bayan na tafi. Na buɗe a tsakar gida, na ciro wasiƙata ta biyu ina shirin ƙirga kuskure. Na juya gaba, na juya baya, babu jan biro ko ɗaya, ni kuwa na san akwai abin gyara. Sai a kan jimlar nan da na soke na ce kada ka kula ta. Ɗigo-ɗigo a ƙarƙashinta tun daga "ba zan" har "kore ni". A gefe, stet. A ƙarƙashin stet, harafin sunanka.

Ɗigon naka ba a jere yake ba, Kawu. Ya fara a ƙarƙashin layi, ya gangara, wasu har sun hau kan layin ƙasa. Kai da kake cewa ɗigo in ya karkace a sake. Shi ya sa nake roƙonka ka je asibiti.

Mama ta ga ina share ido ta karɓe takardar. Ta tambayi ma'anar, na gaya mata, na kuma gaya mata dokar maɗaba'arku, cewa mai harafi a gefe shi ake kamawa in abu ya ɓaci. Ta daɗe tana kallon harafin. Ta ce, "Wato tsohon nan cewa yake yi in bar ki in zo in kama shi." Na ce haka nake gani. Ta ce, "Zan kuwa kama shi. Tashi ki ɗauko littafinki, jarrabawa saura mako uku kina zaune kina yi mini kuka." Maganar farko ke nan da ta yi mini. Ka shirya, ta ce da ƙafa za ta zo, kuma daga nan asibiti za ta wuce da kai ko kana so ko ba ka so.

Ban yi nadama ba. Da za a mayar da ni bakin teburin nan, zan sake yin ɗigon, sai dai wannan karon zan sa harafina, in ta tambaya kuma in amsa.

Saura abu ɗaya. Na san matsala ce ta ba ni hujjar rubuto maka, ga shi kuma matsalar ta kusa wucewa. Ina neman izininka in ci gaba da rubutowa ko babu dalili. Kada ka ji tausayina kamar wannan karon, ka dawo da jan bironka, ina so. Kuma har yanzu muna da magana a kan kuskure na bakwai. In ka amince, ba sai ka wahalar da idonka da dogon rubutu ba. Ka dawo mini da wannan takarda da ɗigo a ƙarƙashin wannan layi, ko a karkace ne zan gane.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yar ƙanwarka,
Ɗigo.